Takardar Da Ta Ce Dou Ba Ta Gajiya

Tun ranar da aka raba mana takardar nan na san sai ta ja wa wani masifa. Ban dai san kan Dou Lanying za ta faɗa ba.

Wata ɗaliba ce daga jami'a, Shao, ta shigo ofishinmu na kula da jin daɗin mutanen unguwa a nan birnin Zhengzhou na ƙasar Sin, da tabarau mai kauri da jaka cike da takardu. Ta ce malaminta yana auna yadda ma'aikata irinmu suka ba wa aikinsu zuciya.

Na ce, "Da sikeli kika zo, 'yata, ko da tef ɗin tela?"

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce tambayoyi goma sha biyu ne, kowace a ba ta maki daga sifili zuwa shida. Sifili, sam ba ka taɓa jin haka ba. Shida, kullum haka kake ji.

Ni Pang Shulan shekarata ashirin da biyu ina hawan benayen mutane da falmaran ja na ma'aikata a jikina, ba wanda zai koya mini cika takarda. Duk wanda ya kwana biyu a ofis ya san uku ake sawa. Ka sa ɗaya, Darakta Geng ya kira ka shan shayi, ya yi ta tambayarka abin da ke damun zuciyarka har shayin ya huce. Ka sa shida, ya ce ashe da sauran ƙarfi, ya ƙara maka gidajen da za ka zagaya. Na zuba uku-uku tun daga sama har ƙasa, na sa huɗu a guda ɗaya don kada a ce ban karanta ba.

Da na leƙa takardar Dou sai da na kusa haɗiye murfin biro.

"Idan gari ya waye ina ɗokin tafiya wajen aiki." Shida. "Idan ina aiki nakan manta da komai." Shida. "Ba na jin daɗi idan lokacin tashi ya yi." Shida, har ta danne biron.

Na zungure ta. "Ke Dou, kin sha wani abu ne?"

"Gaskiya aka ce mu faɗa, Yaya Pang."

"Gaskiya? A takarda? Wa ya rene ki?"

Ta yi 'yar dariya, ta miƙa abarta. Ni ma dariyar na yi, kuma har yau ina jin haushin kaina.

An ce ba a rubuta suna. To mu tara ne a ofishin, kuma an tambayi shekarun haihuwa da na aiki. Bayan sati uku Shao ta bugo wa Darakta waya tana rawar murya, wai a cikin mutum ɗari huɗu da aka auna mace ɗaya ce ta cika maki, 'yar shekara talatin da takwas, kuma a ofishinsa take. Darakta bai ajiye wayar ba ya fara neman mai buga takardar yabo. Aka yi taro, aka maƙala wa Dou ƙatuwar fulawa ja a ƙirji, aka ɗauki hoto. Ni da hannuna na maƙala mata. Washegari aka ƙara mata gidajen tsofaffi goma sha ɗaya.

Abin da takardar ba ta tambaya ba shi ne daga ina Dou take fitowa da safe.

Surukinta, Tsoho Meng, shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ma ya tafi da shi. A hawa na shida suke, benen da ba shi da lif. Dou ce mai wanka, mai canjin shimfiɗa, mai dama kunun gero, mai ba shi cokali-cokali. Lokacin cin abincin rana, mu muna zaune a gaban taliya, ita tana kan babur ɗinta mai caji tana gudu gida ta juya shi ɗaya ɓarin kada bayansa ya yi gyambo. Ta dawo da turararren burodi a aljihu ta ci a tsaye.

Tsohon nan kuwa 'ya'ya biyu ya haifa, duka da ransu da lafiyarsu. Mijinta, Meng Tao, hancinsa ba ya ɗaukar wari. Haka ya ce, wai tun yana yaro. Hancin nan dai duk Asabar yana bakin kogi yana kamun kifi kusa da gwangwanin tsutsa tun safe har yamma, bai taɓa yin ƙorafi ba. Ƙanwarsa, Meng Juan, titi ɗaya ne tsakanin gidanta da nasu. Takan zo ranar Lahadi da lemo guda huɗu, ta riƙe cokali kusa da bakin ubanta, ta ce, "Matar Yaya, ɗauke mu hoto." Ta tura zauren dangi a waya, 'yan uwa su yi ta sa mata albarka, ta ajiye cokalin da kunun a ciki ta tafi.

Dou kuma abu ɗaya take so a duniya a shekarar nan. Mahaifiyarta, can wani ƙauye bayan Nanyang, ta shiga shekara saba'in da uku. Kowa a lardinmu na Henan ya san shekara ce mai santsi ga tsoho, kuma ya san maganinta: 'ya mace ta kai wa uwarta kifi mai rai, ta dafa mata da hannunta, don ta tsallake shekarar yadda kifi ke tsalle. Ba aike ake yi ba, kai ake yi. Ga shi matar ƙaninta, wadda tsohuwar ke hannunta, ta fara bugo waya tana cewa, "Yaya, Mama ta fara mantuwa fa. Jiya ta sa takalmi a tukunya. Amma kullum sai ta tambaye ki."

Kwana biyu kawai Dou take nema, ta je ta dawo.

Ta tambaya a hutun share kaburbura. Meng Tao ya ce haba, ranar da zai je gaida kabarin mahaifiyarsa, wa zai zauna da Baba? Ya je kabarin minti ashirin, ya zarce kogi.

Ta tambaya a hutun ma'aikata na watan Mayu. A nan ne takardar yabo ta fara aiki. Ashe Meng Tao ya sa an yi mata firam, ya rataye ta a falo saman talabijin, ya tura hotonta ga duk wanda ya taɓa sanin lambarsa, har da surukansa na ƙauye. Da Dou ta ce ta gaji, sai ya nuna bango.

"Wace gajiya? Ga shi jami'a ta auna ki. Cikin mutum ɗari huɗu! Ni da za a auna ni ai ko biyu ba zan kai ba. Kowa da baiwarsa, Lanying."

Meng Juan ta ce, "Kuma ai aikinki ne, matar Yaya. Ke kika karanta kula da tsofaffi. Mu idan muka taɓa shi muka ɓata wani abu fa? Baba ma ba ya cin abinci sai daga hannunki."

Dou ce ta ba ni labarin nan a ofis tana dariya, tana kwaikwayon muryoyinsu. Ta iya kwaikwayo, 'yar banza, har sai da na tsiyaye shayi ta hanci. Amma na lura wuyan hannunta a naɗe yake da bandeji, kuma falmaran ɗinta ya fara yi mata yawa.

Da zafi ya shigo abin ya ƙara lalacewa. Ta fara manta lambobin gidaje. Ta kai wa Tsoho Lu maganin hawan jini, alhali ƙafa ke damunsa. Wata Laraba muka je duba wata tsohuwa mai zaman kaɗaici, Kaka Fei, na shiga kicin duba bututun gas, na fito na tarar da Dou ta yi barci a kujera da littafin ziyara a cinya, baki a buɗe. Kaka Fei, mai shekara tamanin da shida, ta lulluɓe ta da tawul tana yi mata fifita.

Ta ce mini, "Shhh. Bar ta. Ku da kuke zuwa duba mu, ku wa ke duba ku?"



A hanyar komawa na tsayar da babur a gindin bishiya, na ce, "Dou, yau sai kin gaya mini. Me ya sa kika sa shida-shida?"

Ta kalle ni kamar na tambaye ta ko ruwa na jiƙa mutum.

"Yaya Pang, a ofis akwai kujera. Ina zama a kanta. Idan na shiga bayi ba mai buga mini ƙofa. Jiya Tsoho Lu ya ce mini na gode, bayan ma na kai masa maganin da ba nasa ba. Ya za a yi in ƙi ɗokin zuwa?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, da mijinta, da ƙanwarsa, da Darakta, da jami'ar baki ɗaya, da ni kaina mai maƙala fulawa.

Bikin wata na kaka, lokacin da dangi ke haɗuwa, ya matso. Dou ta sake tambaya. Wannan karon Meng Tao dabara ya kawo, yana murna da kansa: a sayi kifi daskararre a ba masu kai saƙo, gobe-gobe ya isa. Ita kuma Meng Juan ta ce bayanta ya riƙe, likita ya hana ta ɗaga ko da buta. A ranar aka gan ta a filin unguwa tana rawar yamma da matan layinsu, tana juyi da mafici kamar mazari.

Ana haka sai ga Shao ta bugo. Wai malaminta yana so a yi hira da gwarzuwar, a ji sirrin himmarta, musamman irin goyon bayan da take samu daga iyali.

Na karɓe wayar daga hannun Darakta. Na ce, "Goyon baya? Kai, ai sai kin gani da idonki. Zo ranar Asabar da hantsi, ni zan kai ki gidan. Ki taho da takardunki fanko guda biyu."

Na sanar da Meng Tao cewa jami'a za ta zo ɗaukar hoton iyalin da suka tsaya wa gwarzuwa. Ya ce zai je kogi da sassafe ya dawo kafin mu iso. Ya cika alkawari kuwa, karon farko a tarihi. Muka hau hawa shida, ni ina haki, Shao tana goge tabarau, muka tarar da shi da farar riga, gashi ya sha mai. A bakin ƙofa ga bokiti, cikinsa wani ƙaton kifi mai jan wutsiya yana bugun ruwa. Shekara uku yana neman irinsa, ya ce, yau sa'a ta zo da baƙi. Meng Juan ta riga mu zuwa, da lemo shida wannan karon. Dou kuwa na ce mata ta sa falmaran ɗinta, ziyarar aiki ce.

Meng Tao ya fara jawabi. "Mu a gidan nan komai tare muke yi. Ni a kullum ina gaya mata, Lanying, ki bi zuciyarki..."

Na ce, "Madalla. Malama Shao, ai iyalin ma ya kamata a auna su, ko? Mu shiga wajen Baba."

Ɗakin tsaf yake, ba wari ko kaɗan, don haka hancin Meng Tao bai sami hanyar gudu ba. Tsoho Meng yana jingine da matasai, idanunsa tar a kanmu. Baki ne ya tafi, hankali yana nan daram. Na zauna a gefen gado, na karɓi takarda ɗaya, na soke kalmar "aiki" duk inda take, na rubuta "kula da Baba".

Shao ta ce, "Anti, ba haka ake amfani da ma'aunin ba..."

"Yi shiru, 'yata, yau za ki ga ilimi. Baba Meng, hannunka na hagu yana aiki, ko? Kai za ka ba da maki. Ɗanka Tao: idan gari ya waye yana ɗokin shigowa ɗakin nan?"

Tsohon ya ɗaga hannu a hankali. Ya haɗa babban yatsa da manuni, ya yi zobe. Sifili.

Meng Tao ya yi dariyar yaƙe. "Baba da wasa! Cewa yake komai lafiya."

"Idan yana kula da kai yakan manta da komai?"

Zobe.

"Ba ya jin daɗi idan lokacin fita ya yi?"

Tsohon ya yi zoben, ya kai shi ido, ya leƙa ɗansa ta ciki. Na rantse kafaɗarsa rawa take, dariya yake yi.

Meng Juan ta fara ja da baya. Na ce, "Ina zuwa, ƙanwata? Ga taki takardar." Tambaya goma sha biyu, zobe goma sha ɗaya. A guda ɗaya ya ɗaga yatsa ɗaya, ina jin ladan lemo ne.

Shao dai rubutu take, kunnuwanta sun yi ja.

Na ce, "To, surukarka fa, Baba?"

Ban ma karanta tambaya ba. Ya miƙe babban yatsa da ƙaramin, ya naɗe sauran ukun, yadda muke ƙirga da hannu ɗaya a nan. Shida. Ya riƙe hannun a sama, ya ƙi saukewa. Sai kuma ya juya shi ya nuna Dou, ya nuna ƙofa, ya kaɗa hannun da ƙarfi. Bakinsa ya yi ta kokawa, har kalma ɗaya ta fito.

"Je."

Ashe duk tambayar da ta yi a falo yana ji ta bango.

Meng Tao ya ce, "To wa zai... ni ban san yadda ake..."

Na ce, "Tawul yana nan, ruwan ɗumi yana can, juyi duk bayan awa biyu. Wanda ya iya sa tsutsa a ƙugiya zai iya sa cokali a baki. Malama Shao za ta zauna ta auna himmarku." Na ja hannun Dou. A bakin ƙofa na sunkuya na ɗauki bokitin.

"Yaya Pang! Kifina! Ko hoto ban ɗauka ba!"

"A ba masu kai saƙo su kawo maka hoton."

Awa huɗu muka yi a motar Nanyang da bokiti tsakanin ƙafafuna, kifin yana watsa wa wani mai kwat ruwa a wando. Dou ta yi dariya har da hawaye, ta ba ni labarin yadda mahaifiyarta ke soya kifi da tafarnuwa da ruwan tsami, da yadda take kiranta Ying-ying. Rabona da in ga fuskarta haka tun kafin fulawa.

La'asar muka isa. Tsohuwar tana zaune a tsakar gida kusa da tulin masara, 'yar ƙarama, da sanda a cinya. Dou ta ajiye bokitin ta durƙusa a gabanta.

"Mama, na zo."

Tsohuwar ta dubi falmaran ja, ta yi fara'a irin wadda ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa, ma'aikaciya. Daga ofis aka turo ki? Zauna, zauna."

Dou ta cire falmaran da sauri ta jefa mini. "Mama, ni ce. Ying-ying."

"Ying-ying? A'a, kin san ta? 'Yata ce ai!" Ta kama hannun Dou ta ja ta zuwa ɗaki. A bango, kusa da kalanda, ga hoton nan an wanko shi babba: Dou da takardar yabo, da fulawar da na maƙala. "Ga ta nan. Ta fi kowa son aiki a birninsu, malamai sun auna. Shi ya sa ba ta samun zuwa. Ni ba na fushi. Mutum idan yana son abu ai ba a raba shi da shi."

Matar ƙanin Dou tana tsaye a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai. Ta ce a hankali, "Har watan Yuni tana gane muryarki a waya, Yaya."

Dou ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta fita ta yanka kifin, ta kankare shi, ta soya da tafarnuwa da ruwan tsami. Ta zauna ta zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta hura, ta kai bakin uwarta, hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa don kada ya zuba. Ba wanda ya fi ta iya wannan a duk Henan, shekara biyu tana koyo a kan uban wasu.

Tsohuwar ta ci sosai. Ta lashe leɓe, ta shafa kumatun Dou.

"Kin iya ba da abinci, yarinya. Uwarki ta more 'ya. Kina dai zuwa ganinta, ko?"

Dou ta ce, "Ina zuwa, Mama."

"Ki riƙa zuwa. Kada ki biye wa aiki."

Ni ce na fita bayan gida na yi kukan, a gaban kajin mutane.

Da sanyi ya shigo Shao ta dawo da zagaye na biyu na takardunta, don a ga ko himma ta ƙaru ko ta ragu. Ta ƙi haɗa ido da kowa. Meng Tao yanzu shi ke juya mahaifinsa da rana ranar Asabar da Lahadi, da ƙyalle a hanci, yana gaya wa maƙwabta shi ne ginshiƙin gidan. Dou tana zuwa ƙauye sau biyu a wata. Duk zuwa sai an yi mata sannu da zuwa, ma'aikaciya, an nuna mata hoton.

Na leƙa takardarta. Uku, uku, uku, tun daga sama har ƙasa.

Bayan sati uku Darakta Geng ya kira ta shan shayi. Ta bango nake jin sa, muryarsa cike da damuwa, yana cewa himmarta ta faɗi da rabi, jami'a ta auna, ko akwai wata matsala a gida?